Ɗan sakandare zai iya yin tsere da 'yan jami'a ba tare da ya ɓata damarsa ba?

Baban Sadiƙ, Agege:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a wannan zaure ba tare da na sa baki ba, amma yau wata magana ta sha mini kai, dole in nemi waɗanda suka fi ni sani.

Ina da yaro ɗan shekara 16, haifaffen nan Agege, yana aji biyu na babbar sakandare, kuma Allah ya hore masa gudu. Tun yana ƙaramar sakandare yake cinye tseren intahaus na makarantarsu, har malamin wasanni ya haɗa shi da wani koci da ke horar da matasa a Surulere, inda yake zuwa sau uku a mako bayan an tashi daga makaranta. Mita 400 yake yi, kuma kocin ya ce a agogonsa yaron yana gamawa a cikin daƙiƙa 50 da ɗoriya. Ni ɗan kasuwa ne, abin da na sani game da gudu bai wuce abin da nake gani a talabijin ba, amma kocin ya tabbatar mini cewa idan aka kula da shi yana iya samun gurbin karatu a Amurka ta hanyar wasan, kamar yadda wasu 'yan ƙasar nan suka samu.

A makon jiya kocin ya ce za a yi wata gasa a filin ɗaya daga cikin manyan makarantun da ke Legas, kuma yana so ya sa sunan yaron, ko da yake yawancin waɗanda za su fito ɗaliban jami'a ne da manyan 'yan tsere. Na yi murna, na kira ƙanena da ke zaune a jihar New York don in ba shi labari, sai ya ce kul, kada in yarda. A cewarsa, makarantar da 'yarsa take ta gargaɗe su cewa duk ɗan sakandaren da ya yi tsere da ɗan jami'a ya rasa damarsa. Shi ma ba harkarsa ba ce, abin da aka gaya masa ya gaya mini, amma maganar ta tsaya mini a rai.

Tambayata kashi biyu ce. Shin akwai wata doka, a nan ko a can, da ta hana ɗan sakandare shiga gasar da 'yan jami'a suke ciki? Kuma idan ya shiga a nan Legas, hakan zai iya zama dalilin da wata jami'ar Amurka za ta ƙi ɗaukarsa nan gaba? Kocin yana jiran amsata, ni kuma ba na so in hana yaro alheri saboda jita-jita, ba na kuma so in jefa shi cikin abin da zai zo yana zargina a kai.

Tsohon Ɗan Tsere, Idi-Araba:

Wa alaikumus salam, Baban Sadiƙ. Allah ya raya yaro, ya sa wa ƙafarsa albarka. Ni zan yi magana a kan ɓangaren gida, domin shi na sani, na bar wa masu ilimin Amurka nasu.

Abu na farko da ya kamata ka tambayi kocin shi ne wace ce ta shirya gasar, domin filin jami'a daban, gasar jami'a daban. Filayen tsere masu kyau ba su da yawa a Legas, shi ya sa ake yawan yin gasanni a filin Kwalejin Fasaha ta Yaba, alhali kwalejin aron fili kawai ta bayar, waɗanda suka shirya kuwa wata ƙungiya ce ko Hukumar Guje-guje da Tsalle-tsalle ta Najeriya, wato AFN. Irin wannan gasa a buɗe take: ɗan kulob, ɗan sanda, soja, ɗalibin jami'a da ɗan sakandare duk suna iya tsayawa a layi ɗaya, matuƙar sun yi rajista kuma sun cika sharuɗɗan da masu shiryawa suka gindaya. Babu wanda zai ɗauki yaronka a matsayin ɗan jami'a don kawai ya yi gudu a filinta, kamar yadda ba a ɗaukar wanda ya yi salla a masallacin bariki a matsayin soja.

Gasar jami'o'i ta ainihi ita ce NUGA, wadda aka fara a Ibadan a 1966, kuma Jami'ar Legas ta karɓi baƙuncinta a 2022. Kwalejojin fasaha suna da tasu, NIPOGA, kwalejojin ilimi kuma suna da NICEGA. Waɗannan na ɗaliban da suka yi rajista ne a makarantunsu, ana tantance su da lambar ɗalibi da takardun makaranta kafin a fara. Ɗan sakandare ba shi da hurumi a cikinsu ko kaɗan, kuma a nan ne haɗarin yake. A zamaninmu na ga yadda wata makaranta, wadda ba zan ambaci sunanta ba, ta ɗauko wani yaro mai sauri daga waje, aka yi masa katin ɗalibi na bogi, aka sa shi a gudun miƙa sanda. Sun ci, aka kai ƙara, aka ƙwace lambar, kuma yaron ne ya kwana a ciki, domin sunansa ya riga ya shiga takarda a matsayin ɗalibin babbar makaranta tun bai rubuta jarrabawar kammala sakandare ba. Don haka idan wani ya ce maka za a sa wa Sadiƙ rigar wata jami'a ko wata kwaleji "na yini ɗaya kawai", ka ce a kai kasuwa.

Idan kuwa buɗaɗɗiyar gasa ce, ni ina goyon bayan ya shiga, kuma dalilina yana cikin abin da kai da kanka ka faɗa, cewa lokacin nasa a agogon koci aka auna. Lokacin da aka ɗauka da hannu ba ya da daraja a wajen masu neman 'yan wasa. Ɗan yatsan mutum yana makara wajen dannawa idan bindiga ta tashi, shi ya sa aka saba ƙara 0.24 na daƙiƙa a kan lokacin hannu a mita 100 da 200, da 0.14 a mita 400, kafin a kwatanta shi da na na'ura. A gajeren tsere ma har iska ake aunawa, idan ta wuce mita 2.0 a daƙiƙa tana tura ɗan wasa, ba a karɓar lokacin a matsayin tarihi. Ka tuna Tobi Amusan, 'yar Najeriya mai tsallaken shinge na mita 100, a gasar duniya da aka yi a Eugene ta Amurka a 2022: ta yi daƙiƙa 12.12 a wasan kusa da na ƙarshe, aka rubuta mata tarihin duniya, ta zo ta yi 12.06 a wasan ƙarshe, ba a ƙirga shi ba saboda iska ta yi yawa. Gasannin makarantu a nan ba kasafai suke da irin waɗannan na'urori ba, sai manyan gasanni. Bugu da ƙari, tun daga 2023 Hukumar Guje-guje ta Duniya ba ta sa sakamako a jadawalinta na martaba sai gasar tana cikin kalandarta, saboda haka ka tambayi kocin ko wannan gasa tana ciki.

Akwai kuma batun rukunin shekaru. Wanda zai kasance ɗan shekara 16 ko 17 a ranar 31 ga Disamba ta shekarar gasa yana rukunin 'yan ƙasa da 18, mai 18 ko 19 kuma yana na 'yan ƙasa da 20. A mita 400 wannan bai canza komai ba, zagaye ɗaya ne ga kowa. Da a ce tsallaken shinge yake yi, da na ja maka kunne, domin shingen mita 110 na manya tsayinsa santimita 106.7 ne, na 'yan ƙasa da 18 kuma 91.4, kuma yaron da ya saba da gajere yana iya jin ciwo idan aka tura shi na manya ba shiri.

Baban Iman, mazaunin Amurka, ɗan Obalende:

Gaisuwa ga kowa, musamman Baban Sadiƙ. Na yi shekaru ina bin wannan harka a nan saboda 'yata ta yi gudu a sakandare, kuma na gane daga ina maganar ƙanenka ta fito. Bai yi ƙarya ba, sai dai ya ɗauko dokar wani gida ya kawo wani gida.

A Amurka babu hukuma guda da ke riƙe da wasannin makarantu daga sama har ƙasa. Wasannin sakandare kowace jiha tana da ƙungiyarta da ke tsara wa ya cancanci wakiltar makarantarsa. Akwai tarayyar waɗannan ƙungiyoyi, NFHS, wadda ke rubuta ƙa'idojin yadda ake yin wasa, amma batun cancanta na jihohi ne, shi ya sa abin da aka halatta a wannan jiha yana iya zama laifi a maƙwabciyarta. Wasannin jami'o'i kuwa yawancinsu a ƙarƙashin hukumar NCAA suke, wadda aka kafa a 1906, mai rukuni uku, inda na ɗaya da na biyu ke ba da tallafin karatu saboda wasa, na uku ba ya bayarwa. Ban da ita akwai NAIA ta ƙananan jami'o'i, da NJCAA ta kwalejojin shekara biyu.

Ƙungiyar wasannin sakandaren jihar New York an daɗe da saninta da wata ƙa'ida da ta ce ɗalibin da ya yi atisaye ko gasa tare da mai wakiltar wata jami'a, ko ya kara da shi, ba zai sake wakiltar makarantarsa a wannan wasa ba har ƙarshen wannan kakar wasa. Ka lura da iyakar hukuncin: rigar sakandarensa yake rasawa, a wasa ɗaya, na kaka ɗaya. Ba ta ce jami'a ba za ta ɗauke shi ba, domin ƙungiyar ba ta da iko a kan jami'o'i, balle a kan yaron da ke karatu a Agege. A jihohi da dama ma ana barin ɗan sakandare ya shiga buɗaɗɗiyar gasa a ƙashin kansa, wato ba da sunan makaranta ba, ba da rigarta ba, ba da kuɗinta ko motarta ba, kuma a takardar sakamako ba a rubuta masa wata ƙungiya. Wasu jihohin suna ƙayyade yawan irin waɗannan gasanni a cikin kaka, wasu suna neman izinin shugaban makaranta tukuna. Dalilin duka ɗaya ne, ba sa son kulob ko jami'a su riƙa janye yaro daga makarantarsa a tsakiyar kaka.

A ɓangaren NCAA, abin da take tsoro shi ne jami'a ta fake da gasa ta yi wa yara gwaji a ɓoye, domin a rukuni na ɗaya an hana gwada ɗan sakandare kafin ɗaukarsa. Sai aka yi togaciya ga buɗaɗɗun gasanni: idan gasar ba a ware ta bisa shekaru ko matakin makaranta ba, kuma ba a zaɓi masu shiga ba sai ta yawan da fili zai ɗauka, ko yanki, ko wani lokaci da aka ce sai wanda ya kai shi, to shigar ɗan sakandare ba gwaji ba ce, ko da a harabar jami'ar aka yi. Shi ya sa a lokacin sanyi za ka ga yaran sakandare a gasannin cikin ɗaki da jami'o'i ke shiryawa. Inda ba sa shiga shi ne gasar da aka keɓe wa jami'o'i, kamar ta cin kofin rukuni ko ta ƙasa, daidai da abin da Tsohon Ɗan Tsere ya faɗa game da NUGA. Akwai kuma tsari na uku irin na Penn Relays da ake yi a Filadelfiya tun 1895, inda 'yan sakandare, har da masu zuwa daga Jamaika, da 'yan jami'a suke taruwa a fili ɗaya a mako ɗaya, amma kowane aji da nasa tseren.

Misalin da ya fi fito da abin fili shi ne na Alan Webb. A watan Mayun 2001, yana ɗan sakandare daga jihar Bajiniya, ya shiga tseren mil ɗaya a gasar Prefontaine tare da ƙwararrun duniya, ciki har da Hicham El Guerrouj na Maroko wanda ya yi nasara. Webb ya zo na biyar da minti 3 da daƙiƙa 53.43, ya karya tarihin 'yan sakandare da Jim Ryun ya kafa tun 1965, kuma a wannan shekarar ya shiga Jami'ar Mishigan ya yi mata gudu. Sydney McLaughlin ta je Olimfik na Rio a 2016 tana sakandare, ta dawo ta gama, ta yi wa Jami'ar Kentaki gudu. Idan karawa da zakarun duniya ba ta rufe musu ƙofa ba, karawa da ɗaliban jami'a a Legas ba za ta rufe wa ɗanka ba. Wadda ƙofar ta rufe mata ita ce Allyson Felix, kuma da saninta: a 2003 da ta gama sakandare ta sa hannu a kwantiragi da Adidas, ta yi karatunta a jami'a a Kalifoniya, amma ba ta yi wa jami'ar gudu ba domin ta riga ta zama ƙwararriya mai cin albashi.

Daga nan za ka ga inda ya kamata ka sa ido. Na farko kuɗi. A baya, ƙa'idar da aka daɗe ana aiki da ita a guje-guje ita ce wanda bai shiga jami'a ba yana iya karɓar kuɗin kyauta matuƙar bai wuce ainihin abin da ya kashe wajen halartar gasa ba, kamar mota, masauki, abinci da rajista, kuma za a tambaye shi a rubuce. Tun daga 2021, da aka ba 'yan wasan jami'a damar cin kuɗi da sunansu da hotonsu, dokokin kuɗi suke ta sauyawa, saboda haka duk ranar da aka miƙo wa yaro ambulan, a duba abin da NCAA take faɗa a wannan rana, a kuma ajiye rasit. Na biyu kwantiragi, ko da kulob ko da dillali, kada a sa hannu a kan abin da ba a karanta ba. Na uku, wanda ya fi cin 'yan Afirka, shi ne jinkiri. Tsarin da aka saba shi ne ana ba ɗan tsere shekara ɗaya bayan lokacin da ya kamata ya gama sakandare, idan ya wuce haka yana shiga gasanni bai fara jami'a ba, sai a fara zabge masa kakar wasa. Haka kuma idan ya yi rajistar cikakken karatu a wata jami'a ko kwaleji, ko a Najeriya ce, a tsarin da aka saba, agogon shekaru biyar na rukuni na ɗaya, wato wa'adin da ake ba ɗan wasa ya yi wasannin jami'a a cikinsa, ya fara bugawa, kuma za a ɗauke shi a matsayin mai sauya makaranta. Yanzu ka fahimci dalilin da katin bogin nan da aka ba da labari yake da illa har a nan.

Maman Hanifa, malamar makaranta, Mile 12:

Assalamu alaikum. Na ƙaru da bayanan magabatana biyu, amma ina so in ja hankalin Baban Sadiƙ zuwa wani ɓangare da maza masu son wasa sukan tsallake, wato aji. Cibiyar tantance cancanta ta NCAA ba lokacin gudu take fara dubawa ba, takardun karatu take dubawa. Tana neman darussa 16 na asasi, waɗanda suka haɗa da Turanci, lissafi, kimiyya da darussan zamantakewa, da matsakaicin maki da bai gaza 2.3 ba a rukuni na ɗaya, ko 2.2 a rukuni na biyu, bisa ma'auninsu na 4.0. Tun 2023 ta daina neman SAT ko ACT, wato jarrabawar neman shiga jami'a a Amurka, ko da yake ita jami'ar tana iya nema don kanta. Sannan ƙirgarsu daga shekara ta tara ta karatu take farawa, wadda a tsarinmu ita ce aji uku na ƙaramar sakandare. Ke nan sakamakon Sadiƙ na wancan aji, da na kowane zango har ya gama, da sakamakon WAEC ko NECO, duk za a buƙace su. Iyaye nawa ne a cikinmu suka ajiye katin sakamakon aji uku? Da yawa daga yaranmu an sauya musu makaranta sau biyu ko uku, wasu an kai su Arewa shekara ɗaya an dawo da su, kuma kowace makaranta sai an koma an karɓo takardarta mai hatimi.

Batu na biyu shi ne ranar haihuwa. Ku duba takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya, da lambar NIN, da abin da makaranta za ta rubuta a rajistar WAEC, da fasfo idan an yi, ku tabbatar rana ɗaya ce da suna ɗaya, har yadda ake rubuta shi. Na taɓa ganin ɗaliba da aka rubuta mata shekara daban a fom ɗin wata gasa domin ta shiga rukunin ƙanana, ba da sanin iyayenta ba, kuma da yake sakamakon gasanni yanzu a intanet yake zama, bayan shekaru wannan fom ɗin ya dawo ya ci karo da fasfonta.

A kan shiga gasar kuwa, ku gafarce ni, ban gamsu da saurin da ake yi ba. An nuna cewa doka ba ta hana ba, na yarda, amma halaccin abu daban, dacewarsa daban. Yaro ɗan shekara 16 da ya saba cin kowa a makarantarsu, a jera shi da 'yan shekara 23 a gaban jama'a, su bar shi da tazarar mita talatin, ba kowane yaro ne zai dawo atisaye washegari da zuciyarsa a tsaye ba. Kuma shekara mai zuwa yana aji uku, ga WAEC a gaba. Daga Agege zuwa Surulere sau uku a mako, a cunkoson Legas, ni na san abin da yake yi wa aikin gida, domin ni nake duba littattafan irin waɗannan yara da safe. Waɗanda aka ba da misali da su, Webb da McLaughlin, ɗaya ne a cikin dubbai, kuma sun tashi a inda filin tsere yake bayan ajinsu.

Tsohon Ɗan Tsere, Idi-Araba:

Malama, maganarki a kan takardu babu abin da zan ƙara, gaskiya ce tsagwaronta, kuma da an gaya mini ita ina ɗan shekara 17 da wataƙila labarina ya bambanta. Amma a kan tazarar mita talatin ina da ja. A buɗaɗɗiyar gasa ba a jera mutane haka kawai, ana raba su kashi-kashi bisa lokacin da kowa ya rubuta a fom, masu sauri tare, masu bi musu tare. Idan kocin ya rubuta ainihin lokacin yaron, bai rage ba don burga, za a haɗa shi da sa'o'insa a gudu ko da sun girme shi a shekaru, kuma ba duk ɗalibin jami'a ne ke yin ƙasa da daƙiƙa 50 ba. Mita 400 tsere ne da ba a koyon sa a gaba, sai a baya. Yaron da kullum shi ke gaba yana sassautawa a mita ɗari na ƙarshe bai sani ba, sai ranar da ya ga bayan wani a kwanar ƙarshe yake gane abin da ya rage a ƙirjinsa.

Inda na yarda da ke shi ne yawa. Gasa ɗaya ko biyu irin wannan a shekara ta isa, tsere ɗaya a kowace, kada a ce ya yi 400 da safe, 200 da rana, miƙa sanda da yamma don wani kulob yana neman maki. Tsokar bayan cinya ba ta yafe irin wannan ganganci, kuma a wajenmu idan ta yage, magani daga aljihun uba yake fitowa.

Baban Iman, mazaunin Amurka, ɗan Obalende:

Ƙarin bayani kaɗan a kan lokaci, tun da yaron yana aji biyu. A rukuni na ɗaya, kocin jami'a ba ya fara kiran ɗan tsere ko rubuta masa saƙon neman ɗauka sai daga 15 ga Yuni bayan ya gama shekara ta goma ta karatu, wadda ta yi daidai da aji ɗaya na babbar sakandare a gida. Ke nan Sadiƙ ya riga ya shiga shekarun da za a iya tuntuɓarsa, kuma shi ma yana iya rubuta wa koci da kansa ta adireshin da ke shafin jami'a, ya haɗa da sakamakon da na'ura ta auna da bidiyon tseren. Ba a biyan koci ko sisi don ya duba wannan. Duk wanda ya zo muku a Legas ya ce ku kawo kuɗi yana da gurbi a hannu, ku nemi ya haɗa ku da kocin jami'ar kai tsaye, ku ga ko zai sake ɗaga waya.

Baban Sadiƙ, Agege:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya, ya ƙara ilimi. Jiya da daddare na kira kocin na yi masa tambayoyin da kuka koya mini. Ya ce ba makarantar ce ta shirya gasar ba, fili kawai ta bayar, kuma yaron zai shiga da sunan kulob ɗinsu ne, ba da sunan wata jami'a ba. Ya ce za a auna da na'ura. Batun ko gasar tana cikin kalandar Hukumar Duniya ya ce zai bincika ya gaya mini, kuma na lura tambayar ta ba shi mamaki daga bakin mai sayar da goro. Na gaya masa tsere ɗaya kawai na amince, kuma ya rubuta lokacin yaron yadda yake. Akwai kyautar kuɗi ga na ɗaya zuwa na uku, amma kocin ya yi dariya ya ce kada wannan ya hana ni barci a bana.

Na kuma kira ƙanena na karanta masa bayanin Baban Iman, ya ce zai koma makarantar 'yarsa ya tambaya da kyau, domin ita ma tana son shiga wata gasa a lokacin sanyi, kuma ita dokar jiharsu ta hau kanta.

Malama, maganarki ce ta fi tayar mini da hankali. Da na bincika akwatin takardu, sai na tarar a takardar haihuwa an rubuta sunan yaron da wani harafi, a NIN da wani, kuma katin sakamakon aji uku ba ya nan, mahaifiyarsa tana zaton ya ɓace lokacin da muka tashi daga tsohon gida. Makarantar da ya yi ƙaramar sakandare tana nan ba ta rufe ba, ranar Litinin in Allah ya kai mu zan je da kaina. Don Allah ki gaya mini abin da ya kamata in nema a wajen shugaban makarantar: kwafin katin kowane zango zan karɓa, ko takarda guda mai ɗauke da dukan makin da hatimi a kai ta wadatar?